Maho a Kan Sabon Ɗinki

Talata Mafara,
19 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga taubashina Tijjani,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da aikinka da mutanen da kake zaune cikinsu a Italiya. Mu nan alhamdu lillahi. Gwaggo, mahaifiyarka, tana samun sauƙi, ƙafar ce dai ke tashi in an yi ruwa. Yaya Sallau da iyalinsa lafiya lau. Ni ma lafiya, ban da idona da ya fara yi mini gardama wajen zura zare.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannuna. Mako biyu ke nan da aka datse layukan waya a jiharmu saboda 'yan bindiga, wayoyinmu duk sun koma tocila. Ɗanlami direba zai kai wannan takarda Sakkwato wurin ƙanwarka Amira, ita ta ɗauki hotonta ta tura maka. In ka ba da amsa ta buga a takarda ta ba shi ya kawo mini.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka san gonarmu ta gado da ke Tungar Baushe, hayin ruwan dam, wajen Dosara. Tun watan jiya mutanen tungar suka watse, Yaya Sallau ya kwaso nasa ya zo nan. Yanzu mu goma sha tara ne a gidan Baba. Geron ya riga ya tafi, shanun mutanen can, wato 'yan bindigar, suka cinye shi a tsaye. Saura dawa. Yaya ya lallaɓa da ƙaramin kwalekwale ya gano ta, ya ce rabon da ta yi kyau haka tun Baba na da rai. Farkon Nuwamba za ta isa yanka, kuma ita ce abincinmu na shekara, babu wani.

Hanyar mota ba ta biyuwa, sai ta ruwa. Babban jirgin Yaya yana nan da injinsa, amma an hana sayar da fetur a jarka, ko kwalba ɗaya ba ka samu. In da filafili za a tuƙa, zuwa ba wuya, jirgi ba kaya. Dawowar ce abin tsoro. Maza sun gaji da yanka, jirgi ya yi nauyi, ga shi dole su bar gaɓa kafin azahar, don lokacin ne mutanen can suke gangaro da shanu shan ruwa. Kada ka ce za ka aiko da kuɗi. Kasuwanni a rufe suke, kuma ba a tuƙa tuwo da takarda.

Shi ne na tuna hotunan da kake turo mana, jiragen nan masu farin zane a sama waɗanda iska ke turawa. Kai da Baba ya sha bugun hannunka da ma'auni saboda karkataccen ɗinki, yau ga ka kana ɗinka wa Turawa abin da ke jan jirgi! To, in kai ka iya, ni me zai hana ni? Ka koya mini. Da wane yadi, kamu nawa, yaya ake kafa shi? Ko sunansa ma ban sani ba.

Da na gaya wa Yaya dariya ya yi, ya ce, "Hindatu, jirgina ba amarya ta ba, balle ki lulluɓa mishi mayahi." Ka amsa da wuri.

Taubashiyarka,
Hindatu.


Livorno,
26 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Hindatu, sarauniyar keke,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku, na farko don labari, sauran biyun don in gane rubutun. Na gode Allah da na ji kuna lafiya. Ki gaida Inna, ki ce ta bar fita tsakar gida in ƙasa ta jiƙe. Ki gaida Yaya Sallau da yi masa jajen barin gida. Ni lafiyata ƙalau, sai kewa, ga kuma tashin hankalin rashin jin muryarku.

Kin tambayi suna. Nan vela suke ce masa. Shekara tara ina ɗinka shi ban taɓa tambayar daga ina sunan ya fito ba, sai da kika sa ni. Uwar maigidana tsohuwar malama ce, shekara arba'in tana koyar da Latin, harshen Rumawan dauri, yanzu kuma ba ta da aiki sai zama a shagonmu tana kushe mana ɗinki. Da na tambaye ta sai ka ce na ba ta kujerar Makka. Ta ce asalinsa velum, kuma a wurin mutanen da duk wani yadi da aka rataya ko aka shimfiɗa a sama sunansa ke nan: labulen ƙofa, da rumfar da ake ja wa 'yan kallo saboda rana, da mayafin mace, da zanen jirgi. Har kalmarsu ta bayyana abin da ke ɓoye daga nan ta fito, wato yaye wannan yadin. Ta ce malamai suna gardama a kan tushensa na can baya, wasu sun ce daga kalmar saƙa ne, wasu sun ce daga kalmar ɗaukar kaya. Na ce mata a gidanmu duka biyun muke nema. Saboda haka ki gaya wa Yaya bai yi nisa da gaskiya ba da ya ambaci mayafi.

To amma aikin daban ne, ki saurara da kyau.

Ki nemi buhunan taki kamar goma sha shida, masu ƙwari, ki wanke ki farke su. Kada ki yi da yadin sutura, zai sha ruwa ya yi nauyi. Ki haɗa su su ba da tsawo kamu takwas, faɗi kamu shida. Wajen haɗi ki ɗora baki a kan baki kamar yatsa uku, ki bi shi da ɗinki biyu. Zaren keke ba zai yi ba, ki karɓi zaren koma wurin masunta. Gefuna huɗu ki yi kalmasa mai faɗi, ki zura igiya a ciki. Kowace kusurwa tana son maho riɓi biyar, babba a ƙasa, ƙarami a sama.

Yaya ya kafa gora mai kauri a gaban tsakiyar jirgi, ya ɗaure ta sosai. Gora ta biyu a karkace, ta tokare kusurwar sama. Na zana miki a ƙasa. Kusurwar ƙasa ta baya ita ke da igiyar ja, kuma wannan igiya ba a ɗaure ta ko kusa. A hannu ake riƙe ta. In iska ta buso da ƙarfi a sassauta, in jirgi ya karkata a saki gaba ɗaya.

Lissafinki ya yi daidai da lokaci. In damina ta ɗauke, iska daga gabas za ta riƙa zuwa, kuma ba ta tashi sai hantsi. Su tafi da sassafe da filafili ruwa na kwance, su dawo iska na bayansu. Amma a gwada kusa da gaɓa tukuna, jirgi ba kaya.

Maganar dukan ma'auni kuma, ki tuna wa ke kai ƙarata wurin Kawu.

Naki,
Tijjani.


Talata Mafara,
10 ga Oktoba, 2021.

Tijjani Bature,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya. Gwaggo ta amsa, ta ce ita ba yarinya ba ce da za a hana ta tsakar gida. Ka gaida mini tsohuwar malamar nan, ka ce ta burge ni. Shekara ashirin da biyar ina ɗinka labule da mayafi, ashe 'yan'uwan abin ne nake ta ɗinkawa ban sani ba. Wannan magana ta ƙara mini ƙarfin zuciya ƙwarai.

An gama, Tijjani! Buhu goma sha huɗu ya ci. Wasu na samo nan wurin manoman rani, sauran wata ƙawata ta aiko mini daga Bakura. Allura bakwai na karya kafin in yarda keke ba zai ja zaren koma ba, na koma basilla da hannu. Kwana tara muna yi, ni da matar Yaya. Yatsuna sun kumbura, ko lomar tuwo da ƙyar nake yankawa. Amma da muka shimfiɗa shi a tsakar gida ya rufe tun daga bakin rijiya har ƙofar ɗakin Gwaggo, ɗinki a miƙe sambal, ba ka ce buhu ba ne. Matan unguwa sai shigowa kallo suke yi. Bela muke ce masa, har yara sun iya.

Yaya ya bar dariya. Shekaranjiya na same shi a zaure yana feƙe gora, da ya gan ni sai ya ce wai rumfa zai gyara.

Abu ɗaya ne ban yi ba, wato mahon nan na kusurwoyi. Na ɗauka kana nufin ranar da ya tsufa ya fara ci, don haka na ajiye buhu biyu saboda ranar. In kuma tun yanzu kake nufi, to ka yi haƙuri. Ni 'yar Baba ce. Ka manta abin da yake ce mana? Telan da ya sa maho a sabon ɗinki ya gaya wa gari bai iya yanka ba. Rabin matan Mafara sun zo sun gani, ba zan bari a ce Hindatu ta fitar da sabon aiki da toshe-toshe kamar wandon makaniki ba. Na ninka kalmasar kusurwa sau biyu, na zagaye ta da zare. Mu biyu muka ja da iyakar ƙarfinmu, ko motsi ba ta yi ba.

Ranar Asabar za a gwada, in Allah ya kai mu. Dawa ta fara ja.

Hindatu.


Livorno,
13 ga Oktoba, 2021.

Hindatu,

Sallama. Ina lafiya, ku ma Allah ya sa haka. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, na roƙi Amira ta kai wannan tasha yau ɗin nan.

Kada a gwada ranar Asabar. Don Allah kada a gwada. Mahon ba na gyara ba ne, shi ne ƙarfin zanen. Duk iskar da ta cika kamu takwas ɗin nan, a kusurwoyi huɗu take tattaruwa, wurin da bai fi tafin hannu ba. Ƙarfin mata biyu ba komai ba ne a kanta. Laifina ne da na rubuta shi a layi ɗaya kamar ƙaramin abu, na manta da wa nake magana. Nan shagonmu sabon zane ba ya fita sai da maho, kuma wanda ya fi iya ɗinki shi ake ba kusurwa.

Ki yanka biyar ga kowace kusurwa, na farko kamu ɗaya, kowane na bisa ya gaza na ƙasa da yatsa huɗu. Ki ɗinke kowanne daban, ɗinkin ya nufi kusurwa. Allah ya ji ƙan Kawu, amma shi riga yake ɗinkawa.

Tijjani.


Talata Mafara,
29 ga Oktoba, 2021.

Ɗan'uwana Tijjani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu duka muna raye, da wannan zan fara. Gwaggo lafiya, yara lafiya. Yaya Sallau yana jinyar kafaɗa, kuma ni na jawo masa.

Takardarka ta kwana takwas a hanya. An yi tashin hankali a kan titi, Ɗanlami ya ajiye mota mako guda. Ranar da ta iso, aikin gama ya riga ya gama.

Mun gwada ranar Asabar ɗin. Ina tsaye a gaɓa, jama'a sun taru kamar ana rabon taki. Da farko abin gwanin sha'awa. Bela ya cika, jirgi ya tafi shi kaɗai ba mai tuƙi, masunta suna ta kabbara. Wallahi har na fara tsara yadda zan yi maka gori. Sai wata iska ta zo a fusace. Ina ji ina gani kusurwar sama ta ɓalle da ƙara kamar an fasa faranti, gorar karkace ta kuɓuce ta juyo ta sami Yaya a kafaɗa, ta wurga shi ruwa. Da hannu ɗaya ya riƙe kansa har aka tsamo shi. Kafaɗar ta goce, mai ɗori ya mayar.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ba kunyar mutane ba, su wannan na saba da bakinsu. Kunyar matar Yaya, wadda ta kwana tara tana taya ni ɗinki, tana gurfane a kan mijinta ba ta ko ɗaga ido ta dube ni ba. Shi kuwa da aka kawo shi gida abin da ya ce kawai, "Ya tahi, Hindatu. Kin gani? Kahin shi yage, ya tahi."

Da takardarka ta zo na karanta a ɗaki na yi kukana, na wanke fuska, na ɗauko buhu biyun nan, na nemo ƙarin biyu. Maho ashirin, kamar yadda ka ce. Muninsa ba a magana. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Hindatu, wanga kau ai sai a ce ɓera ya yi kwana bakwai cikinai." Na ce mata ta zo ta riƙe mini gefe in ba ta da aikin yi.

Ban rubuto maka ba sai yau don na yi rantsuwa ba zan ɗauki biro ba sai na gyara abin da na ɓata. Shekaranjiya aka sake gwadawa, iska ta fi ta ranar ƙarfi, aka loda buhunan yashi goma. Sau huɗu suna kai da kawowa, zare ɗaya bai tsinke ba. Kai ne da gaskiya, na faɗa, kada ka sa in maimaita.

Yaya zai iya riƙe filafilin baya da hagu ya daidaita jirgi, igiyar ce ba zai iya ba, za a sami mai riƙewa. Maza takwas 'yan tunga sun yarda za su je yanka. Ranar Litinin takwas ga Nuwamba za a fara. Ka sa mu a addu'a.

Hindatu.


Livorno,
3 ga Nuwamba, 2021.

Hindatu,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da Yaya yana raye. Allah ya ba shi lafiya. Ki gaida Inna.

Kin san abin da shirunki ya yi mini? Ɗanlami ya gaya wa Amira ya ji a tasha gora ta bugi Sallau ya faɗa ruwa an tsamo shi. Iyakar abin da ya sani ke nan. Ko da rai aka tsamo shi ko babu, ba wanda zai gaya mini. Kwana takwas ina buga lambobinku ɗaya bayan ɗaya, na san ba za su shiga ba, ina bugawa. Na lalata wa maigidana yadi mai tsada har ya ce in tafi gida in huta. Ke kuma kina can kina cika rantsuwa.

Yanzu ki ji abin da ya kamata in faɗa tun farko, girman kai ya hana ni. Ni tela ne, ba matuƙin jirgi ba. A shekara tara sau biyu na hau irin jirgin nan, duka biyun amai na yi ta yi. Jiragen da nake ɗinka wa zane suna da ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashi wanda ke hana su kifewa. Na Yaya cikinsa a shafe yake kamar akushi. Buhun yashi goma kusa da gaɓa daban, dawa tuli da mutum goma a tsakiyar dam daban. Ga shi farin zane ana hango shi daga nesa, kamar kuna ɗaga wa mutanen can hannu ne kuna cewa ga mu nan.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa Inna ba. Ba a jirgin sama na shigo ƙasar nan ba. Mu ɗari da wani abu muka taso a jirgin roba, ba mu duka muka sauka ba. Na san yadda ruwa yake ɗaukar mutum, ba ya ko ƙara. Ba zan iya zama nan ina jiran a ce mini zanen da na koya miki ya kashe mutum goma ba.

Ku bar dawar. Na san me nake cewa, na san uwata na cikin masu cin ta. Za a buɗe kasuwanni, za a maido waya, zan yi aikin Asabar da Lahadi. Yunwar wata uku ba ta kai gawa ɗaya ba.

Na haɗa ki da Allah ki karanta wa Yaya Sallau wannan takarda daga farko har ƙarshe. Shi ya san ruwa, in ya ji daga bakina cewa ban tabbata ba, zai tsaya.

Tijjani.


Talata Mafara,
21 ga Nuwamba, 2021.

Zuwa ga ɗan'uwana Tijjani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina kuma ba ka haƙuri a kan kwana takwas ɗin nan. Ban yi tunanin labari zai riga takardata ba. Abin da ka gani a teku kuma, Allah ya ji ƙan waɗanda suka rage a can. Ban gaya wa Gwaggo ba, ba kuma zan gaya mata ba. Kowa lafiya. Ba a rasa kowa ba.

Takardarka ta iso ranar Asabar, saura kwana biyu a fara. Zan iya ce maka ta makara, Ɗanlami ma ba zai tona ni ba. Ba ta makara ba. Na karanta ta, na ninke, na sa a aljihun keke na rufe. Ban karanta wa Yaya ba.

Na san ka haɗa ni da Allah, kuma na ɗauki nauyin wannan. Amma kai yunwar wata uku kake lissafawa daga can, ni kuwa ni ke auna tsaba kowace safiya. Tun farkon wata mun koma ci sau ɗaya. Na kama Gwaggo tana tura wa jikokin Yaya rabonta tana cewa cikinta ne ba ya so. Ba wata uku ba ne, sai wata kaka.

Abu biyu na ɗauka daga maganarka. Na sa aka turmusa bela cikin laka har ya koma kalar gaɓa. Na biyu, tunda ni na ɓoye takardar, ban ga yadda zan zauna gida in tura mutane ba. Na ce ni zan riƙe igiya. Yaya ya ce, "Ke? Mi kika sani ga ruwa?" Na ce ban san ruwa ba, amma na san inda kowane zare yake a jikin zanen nan, in ya fara buɗewa ni zan riga kowa gani. Ya dube ni ya dube ni, ya ce in ɗaura zanen jikina da kyau.

Litinin, Talata, Laraba, lafiya lau. Mu fita bayan asuba da filafili, mu isa da hantsi, maza su yi ta yanka, ni da Yaya muna lodi, manyan dammuna a ƙasa don nauyi ya zauna. Kafin rana ta take mun ɗaga. Tafiyar da ke cin awa uku, a awa ɗaya da 'yan mintoci muke yin ta, maza na kwance kan dawa suna hira. Sau biyu jirgi ya karkata har ruwa ya leƙo, na saki igiya kamar yadda ka ce, ya miƙe. Tsoro kam na ji shi, ba na ɓoye maka, duk addu'ar da na sani sai da na karanta.

Ranar Alhamis mutanen can ba su jira azahar ba. Muna rabin lodi muka ji kukan shanu a bayan gona, sai ga mutum uku sun ɓullo ta wajen kukar nan ta kan iyaka. Maza suka watsar da abin da ke hannunsu suka faɗo jirgi. Aka ɗaga bela, ya rataye kamar wanki, babu iska ko kaɗan. Filafili takwas na duka amma jirgin kamar an riƙe shi. Muka ji harbi sau biyu, ko mu aka nufa ko sama, Allah ne masani. Yaya bai ko waiwaya ba, ruwa yake kallo. Can ya ce, "Ga ta nan tahe. Riƙe, Hindatu." Na ga fuskar ruwa ta yi duhu daga gabas, sai ta buge mu gaba ɗaya. Wannan karon ban saki ba sai da ya ce in sassauta. Igiyar ta kwashe mini fatar tafin hannu biyu, shi ya sa ka ga rubutun nan ya fi na da muni. Kusurwoyin ba su ce uffan ba.

Ba mu koma ba. Masunta sun ce washegari shanu sun shiga sauran. Kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Abin da ke rumbu dami ɗari da goma sha ɗaya ne, bayan an ba 'yan yanka nasu. In an yi tattali zai kai mu damina.

Ranar Juma'a na ɗauko takardarka na karanta wa Yaya daga farko har ƙarshe, kamar yadda ka ce, sai dai a makare. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Da kin karanta min wagga tun ran Assabat, da ban kai ɗiyan mutane cikin ruwa ba." Na ce na sani, shi ya sa. Ya tashi ya fita. Yau kwana tara ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yana da gaskiya, mutum takwas na kai inda ba su san duk abin da na sani ba, kuma na bi su gida gida na gaya musu. Biyu sun yafe, sauran sun yi shiru.

Kai ma ka yi fushinka, ba zan ce kada ka yi ba. In aka maido waya ka kira ka zage ni, zan saurara. Amma jiya aka surfa sabuwar dawa aka niƙa, matar Yaya ta tuƙa tunda hannuna ba ya riƙe muciya. Na kai wa Gwaggo nata na zauna a bakin ƙofa ina kallonta. Ba ta kira yaro ko ɗaya ba. Ta cinye, ta suɗe kwanon, ta miƙo mini ta ce ko da saura.

Taubashiyarka,
Hindatu.